Wa Ya Gwada Sikelin?

Ni mai awon auduga ne a Pitowa.
Shekara goma sha tara ina rataya buhu a ƙugiya,
manomi bai taɓa cewa "tawa ta ɗaya ce" na rubuta ba.
Sai na kwance bakin, na cusa hannu har kafaɗa,
in ji danshi, in ji tsakuwa.
Ni ɗin ma, duk kaka ana zuwa daga Garwa
da duwatsun ƙarfe a akwati,
a ɗora wa sikelina, ina tsaye ina gumi.

Yayana Nomau tela ne a Yalwa,
ƙafar dama ke ci da gidansa.
Ciwon suga ya kama shi, allura safe da yamma,
ya gaji, wa ba zai gaji ba?
Sai ga shago ya buɗe kusa da tasha,
ganye kore a jikin allo, lasifika a kan rufi:
"Babu sinadari! Daga ƙasa zuwa jikinka!"
Dakta Hamadiko, farar riga har gwiwa,
takardu shida a bango, kowacce da jan hatimi.

Ya ce, riƙe wannan ƙarfen.
Nomau ya riƙe, fitila ta ƙifta,
takarda ta fito da hanta, da ƙoda, da dattin jini.
Na riƙe, ni mai lafiya,
ta fito da hanta, da ƙoda, da dattin jini.
Da akuya ta riƙe, na rantse, da ita ma an samo mata.

Kwalba tara, jaka arba'in.
A bar allura, wai guba ce.

Wata biyu, ƙaya ta soke shi bai ji ba.
Wata uku, matarsa ta fara turare ɗakin.
Na huɗu, a babban asibiti,
wata likita ta ɗaga zanen, ta daɗe ba ta ce komai ba.
Daga ƙasan gwiwa suka yanke.

Na kai ƙara ƙungiyarsu, bene ne bayan kasuwa.
Aka ba ni kujera, aka ba ni shayi.
Shugaba, shi ya koyar da Hamadiko, sati shida.
Magatakarda, daga wurinsa ake saro kwalaben.
Na ɗaga kai, hatimin da ke kan tebur
shi ne ja ɗin nan na bangon shagon.
Kura ta zauna shari'ar kura,
an ce akuya ta kawo shaida.

Na ce, mutum nawa kuka ba, nawa suka tashi?
Suka ce, dubbai.
Na ce, wa ya ƙirga?
Waɗanda ba su tashi ba, a wane littafi suke?
Suka ce, kai ba ɗan sana'a ba ne.
Hukunci ya fito ranar Laraba:
majinyaci ya sha ruwan sanyi, ya karya sharaɗi.

Kada a ce na zagi ganye.
Kakarmu Inna Kulu da sabara ta raine mu,
amma na sha jin ta ce, "Wannan ya fi ƙarfina,
ku ɗauke shi, ku tafi."
Ba ta da riga, ba ta da hatimi,
ta san inda saninta ya tsaya.

Jiya na je Yalwa.
Nomau na koya wa ƙafar hagu taka keke,
ɗinkin na fita a karkace, yana warwarewa.
Lasifikar tasha na shigowa ta taga.
Ya ciji zare, bai dube ni ba, ya ce,
"Ka san farar rigar nan ta Dakta?
Ni na ɗinka masa.
Jaka uku, ya biya biyu."